ObjectARX: shin ma'aikatarku tana bukatarsa?

Ma'aikatu da yawa masu zana tsarin gine-gine, kamar azuzuwan makaranta, ɗakunan shan magani da tankunan ruwa, suna aiki da AutoCAD, manhajar zane da kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar tun 1982. Kamfanin yana ba da wasu kayan aiki kyauta masu suna ObjectARX. Kafin ku girka su cikin kwamfutar ma'aikata, ya kamata ku san wanda aka yi su dominsa.

Mine ne ObjectARX?

Tarin fayiloli ne da mai rubuta manhaja yake amfani da su, cikin harshen C++, domin ya ƙera sababbin umarni ko sababbin abubuwan zane a cikin AutoCAD. Girka shi ba ya ƙara ko maɓalli ɗaya a allon mai zane. Zugazugi da uwar maƙera na maƙeri ne. Manomi hauyar da aka gama ƙerawa yake jira. Haka nan, in wani ya riga ya ƙera muku ƙarin manhaja, umarnin APPLOAD ya isa ku loda shi.

Tambayoyi uku kafin yanke shawara

Ta farko: akwai wanda ya iya C++ a cikinku? Zai kuma bukaci Visual Studio na kamfanin Microsoft, samfurin da ya dace da AutoCAD ɗinku.

Ta biyu: wane AutoCAD kuke da shi? AutoCAD LT, wanda ya fi araha, ba ya karɓar abin da aka ƙera da ObjectARX.

Ta uku: wa zai kula da aikin nan gaba? Sau da yawa in sabon samfurin AutoCAD ya fito, dole a sake haɗa ƙarin kafin ya yi aiki. In kuɗin shirin sun ƙare, gwanin kuma ya tafi, abin da kuka biya zai tsaya.

Haɗarin da ba a cika lura da shi ba

In an zana wani abu na musamman da irin wannan ƙari, misali famfo mai lissafa tsawon bututunsa da kansa, kwamfutar da ba ta da ƙarin za ta nuna siffarsa kawai, ba za a iya gyara shi yadda ya kamata ba. Ku tuna da ranar da za ku miƙa zane ga ɗan kwangila ko ga ma'aikatar magajin gari.

Hanya mafi sauƙi

Yawancin bukatu, kamar maimaita ƙofofi da tagogi ko jera lambobin filaye, ana biyansu da zanen da aka adana domin maimaitawa, ko da AutoLISP. Wannan ƙaramin harshe yana cikin AutoCAD tun 1986, ya kuma shiga LT daga samfurin 2024. Ba ya bukatar a girka komi.

Shawara

Ku rubuta aikin da ke cinye muku lokaci, ku gwada AutoLISP tukuna. In ya gaza, kuma amsoshin tambayoyin nan uku sun gamsar da ku, ku girka ObjectARX a kwamfutar gwanin kaɗai. Ku sa cikin yarjejeniya cewa asalin rubutun manhajar mallakar ma'aikata ne, ku ajiye kwafinsa wuri biyu.