Yadda Za a Rage Wahalar Tafiya Cikin Ƙaramar Mota

A yawancin ƙauyukanmu na ƙasar Roni da Gwiwa da Kazaure da Babura, mota ɗaya ko biyu ce ke ɗauke da hidimar gari duka. Ita ce ke kai hatsi kasuwa, ita ke kai amarya, ita kuma ake bugun ƙofar mai ita da tsakar dare idan naƙuda ta yi tsanani ko yaro ya suma. Galibi ƙaramar mota ce da ta sha aiki a ƙasar waje kafin ta iso mu, irin su Golf ko Starlet ko Corolla. An ƙera su ne domin kwalta mai santsi, mu kuwa muna bin su da hanyar burji mai gargada, da tsakuwa da duwatsu a wajen Roni da Kazaure, da yashi a wajen Babura.

Mai lafiya zai iya jure jijjiga ya manta. Tsoho mai ciwon baya, da mace mai tsohon ciki, da wanda aka yi wa aiki aka sallamo shi daga Babban Asibitin Kazaure ko Asibitin Malam Aminu Kano, kowane rami yana ƙara musu ciwo. Saboda haka daɗin zama a mota ba alatu ba ne a wurinmu. Abin da wannan bayani yake so ya nuna shi ne: daɗin tafiya daga ƙasa yake farawa, wato daga taya da abin da ke riƙe da ita. Wanda ya fara kashe kuɗinsa a can ya ci riba. Wanda ya fara da kwalliya ya yi asara.

Me ke tare jijjiga?

Tsakanin hanya da jikin fasinja akwai matashi huɗu. Na farko iskar da ke cikin taya. Na biyu sifirin, wanda ke lanƙwashewa idan ƙafa ta faɗa rami. Na uku shokozoba, wanda aikinsa shi ne ya tsayar da sifirin daga yin ta lilo bayan an wuce ramin. Tare da su akwai ƙananan robobi da makanikai ke kira bushin, masu hana ƙarfe gogar ƙarfe. Na huɗu shi ne soson kujera. Idan ɗaya ya mutu, sauran su ke ɗaukar nauyinsa, su ma su gaji da wuri.

Manyanmu suna yabon Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Sirrinta shi ne sifirinta yana da doguwar tafiya sama da ƙasa, tayarta na da kauri a gefe, kujerunta kuma masu taushi ne. Ƙaramar mota ba za ta zama 504 ba, amma za a iya kusantar da ita idan an bi matakan nan bi da bi.

Mataki na ɗaya: iskar taya

Wannan gyara kusan kyauta ne. Direbobi da yawa suna sa mai faci ya cika taya har ta yi tauri kamar dutse, a ganinsu hakan ne zai sa ta ɗauki kaya. Tayar da iska ta yi mata yawa tana tsalle a kan gargada, tsakiyarta na cinyewa, ba ta kuma kama ƙasa sosai idan an taka birki. Wadda iska ta yi wa kaɗan tana yin zafi, gefunanta su cinye, tana iya fashewa a kan gudu, ga shan mai.

Yawancin ƙananan motoci suna bukatar iska wajen 30 zuwa 35 a gejin mai faci. Ainihin adadin motarka yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba ko a murfin tankin mai, sau da yawa da adadi biyu: na mota ba kaya da na mota cike. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, kada a bi ta. A auna da safe kafin a yi tafiya, domin zafin hanya yana ƙara iskar, musamman a bazara. Sayen ƙaramin geji a ajiye a mota ya fi a dogara da bugun taya da ƙafa.

Mataki na biyu: girman taya da shekarunta

Matasa suna son manyan rim masu ƙyalli da siririyar taya. A hanyoyinmu wannan kuɗin sayen wahala ne. Ga lissafin. A jikin taya za ka ga rubutu kamar 175/70 R13. Ma'anarsa faɗin tayar milimita 175 ne, tsawon gefenta kashi 70 cikin 100 na faɗin, wato kusan milimita 122, rim ɗin kuma inci 13. Idan aka cire ta aka sa 195/50 R15, tsayin ƙafar gaba ɗaya bai canja ba, amma gefen tayar ya koma kusan milimita 97. An rasa milimita 25 na matashin iska a kowace ƙafa. Jijjiga za ta ƙaru, kuma rami ɗaya mai kaifi ya isa ya lanƙwasa rim ko ya fasa gefen taya. Wanda ya sayi mota da irin waɗannan ƙafafu, komawa ƙaramin rim irin wanda kamfani ya sa mata gyara ne mai amfani.

Tsufa ma yana taurara roba. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Legas a 2008, kasuwa ta cika da tayoyin waje, har da na gwanjo, ko da yake doka ta hana shigo da tsofaffin tayoyi. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin a guji tayar da ta wuce shekara huɗu da yin ta. Taya na iya zama da zane mai kyau amma ta tsattsage a gefe saboda rana. Idan zanen ya sauka ya yi daidai da 'yan tudun da ke cikin kwarinsa, wato milimita 1.6, ta gama aiki. Bayan an sa sababbin tayoyi, a kai a daidaita nauyinsu da saitin ƙafafun gaba. Sitiyarin da ke rawa a kan gudu sau da yawa wannan ne maganinsa.

Mataki na uku: shokozoba da robobi

Alamun shokozoba ya mutu ba su ɓuya. Mai na tsiyaya a jikinsa. Mota na ci gaba da lilo bayan an wuce tudu. Gabanta na dukawa ƙasa idan an taka birki. Taya na cinyewa gurbi-gurbi. Za ka iya gwadawa a gida: danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki. Idan ta taso ta tsaya, da sauran ƙarfinsa. Idan ta yi ta hawa da sauka, a kai wa makaniki. Kamfanonin da ke yin sa, irin su KYB da Monroe, suna ba da shawarar canji a wajen kilomita 80,000. A hanyar burji da kaya masu nauyi ba ya kai haka.

A canja su biyu-biyu, na gaba tare ko na baya tare. Sabo a dama da matacce a hagu yana sa mota karkata a kwana. Akwai mai aiki da mai zalla, akwai mai haɗe da gas. Na mai ya fi taushi, na gas kuma ya fi jure zafi a doguwar gargada. Kowanne za a saya, ya zama na irin motar ne daidai. A guji wanda aka yi domin motar tsere ko wanda ke rage tsayin mota.

Mafi yawan makanikanmu daga Kano suke sayo kaya, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa. A can akwai sabo, akwai na Beljiyam da aka ciro daga wata mota, akwai kuma jabu cikin kwali mai sunan babban kamfani. A tafi da makanikin da aka amince da shi da kuma tsohon da aka cire. Idan na Beljiyam ne aljihu ya kai, a danna sandarsa a ja da hannu: ya yi nauyi daidai daga farko har ƙarshe, ba gurbin da ya zame, ba tsatsa, ba alamar mai. Araha ba ta ado.

Ƙarar ƙwanƙwasa a ƙasan mota galibi daga robobin bushin ne da mahaɗan ƙafa. Ba su kai shokozoba tsada ba, kuma canja su kan mayar da mota shiru. Haka ma robobin da inji ke zaune a kai. Idan sun fashe, jijjigar inji na shiga har sitiyari da kujera ko da mota na tsaye.

Mataki na huɗu: nauyin kaya

Yawancin ƙananan motoci an yi su ne su ɗauki kilo 400 zuwa 500, har da mutane. Manya biyar masu kilo 65 sun riga sun kai kilo 325. Abin da ya rage bai wuce buhun gero ɗaya mai kilo 100 da 'yan kaya ba. Idan aka loda buhu huɗu aka zaunar da mutum bakwai, sifirin ya danne har ƙarshe, ba sauran inda zai motsa, kowane rami kai tsaye yake dukan jikin mota da bayan fasinja.

Wasu direbobi kan sa sifirin babbar mota a baya domin ta ɗauki kaya. Bayan zai ɗaga, amma ranar da aka ɗauko mara lafiya shi kaɗai, motar za ta riƙa tsalle kamar amalanke. Kuma birki da tayoyi ba su ƙara ƙarfi ba. Idan sifirin ya gaji har mota ta zauna, a sa sabo irin nata. Kaya masu nauyi a sa su can cikin but kusa da kujerar baya, a ƙasa, kada a ɗora su a rufi.

Mataki na biyar: kujera, zafi da ƙura

Sai an gama da ƙasa ake hawa sama. Soson kujera yana mutuwa har mutum ya riƙa jin ƙarfe. Masu ɗinkin kujerun mota a Kazaure da Kano suna iya sa sabon soso mai tauri a ƙasa da mai laushi a sama, su kuma gyara wayoyin da suka tsinke. Rigar kujera ta yadin auduga ta fi leda a zafinmu, tana kuma wankuwa. A tabbata rigar ba ta rufe makullin bel ba, kuma kada a cire matashin kai, shi ke kare wuya idan an buge mota ta baya.

Robar bakin ƙofa da ta but idan ta yage, ƙurar hunturu da ƙarar hanya na shigowa. Canja ta, da shimfiɗa tabarmar roba mai kauri a ƙasa, yana rage duka biyu. Salansa mai huda kuwa ya wuce maganar ƙara. Hayaƙin inji na ɗauke da iskar guba marar wari, wadda ke sa ciwon kai da barci, tana kuma iya kisa a rufaffiyar mota. A gyara shi ba tare da jinkiri ba. Domin zafi, a ajiye mota a inuwa, a rufe gilashin gaba da kwali. Game da baƙin gilashi, dokar 1991 ta hana sa shi sai da izinin 'yan sanda, don haka a bincika kafin a kashe kuɗi.

Idan an ɗauko mara lafiya

Wurin da ya fi kwanciyar hankali a ƙaramar mota shi ne kujerar gaba, domin tana tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Kujerar baya kusan a kan ƙafafu take. A ɗan kwantar da kujerar kaɗan, a tokare bayansa da matashi, a ɗaura bel. Mace mai ciki ma ta ɗaura: na ƙasa ya bi ƙarƙashin ciki a kan ƙugu, na sama ya bi tsakiyar ƙirji. A rage mutane da kaya a wannan tafiya. Direba ya taka birki kafin rami, ya sake shi kafin taya ta faɗa, domin sifirin gaba ya sami damar yin aikinsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Domin tattaunawa a ƙungiya

1. Motoci nawa ne a garinmu da za a iya dogara da su da dare, kuma yaushe aka duba tayoyinsu da shokozobansu?
2. Ko za mu iya yin ɗan asusu da zai taimaka wa mai motar da ke kai marasa lafiya ya sayi taya ko shokozoba kafin damina?
3. Waɗanne ramuka ne a hanyarmu za mu iya cikewa da aikin gayya?

Idan kuɗi kaɗan ne, a bi wannan jeri: iska, taya, robobi, shokozoba, kujera. Rediyo da fitilun ado su jira. Motar da aka gyara haka tana daɗewa, mai ita yana rage zuwa gareji, wanda aka ɗauko kuma yana isa asibiti ba tare da hanya ta ƙara masa ciwo ba.