Dillali daban, mai ƙiyasin darajar gida daban

Kwanakin baya wani ɗan kasuwa mai safarar wake tsakanin Ɗan Isa da Jibiya ya same ni a gidan rediyonmu ransa a ɓace. Ya je neman bashi wani banki a Najeriya, zai jinginar da gidansa na Katsina, ya kai takardar da dillalin unguwa ya rubuta masa kuɗin gidan. Ko dubawa ba su yi ba. Suka ce ya kawo rahoton mai ƙiyasi mai hatimi. Kafin ya gane bakin zaren, kaka ta wuce, wake ya yi tsada.

To wane ne wannan mai hatimi? A Najeriya, dokar soja mai lamba 24 ta shekarar 1975 ce ta kafa hukumar ESVARBON, wadda ita kaɗai ke yi wa masu ƙiyasin darajar filaye da gidaje rajista. Suna kuma da ƙungiyarsu, NIESV, tun 1969.

Hanyar tana da tsawo. Da farko yaro ya gama sakandare da sakamako mai kyau, musamman Turanci da lissafi. Daga nan ya karanci fannin kula da filaye da gidaje, ko dai digiri a jami'a, kamar ta fasaha da ke Minna ko ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ko babbar difloma a kwalejin fasaha irin ta Kaduna. Bayan bautar ƙasa ma da sauran aiki. Sai ya yi aƙalla shekara 2 ƙarƙashin wani mai rajista, yana rubuta duk aikin da ya yi a littafi, sannan ya zauna gaban manyan sana'ar su yi masa tambayoyi. In ya haye, a ba shi lamba da hatimi.

Me ya sa aka tsananta haka? Dillali la'ada yake ci, kuɗi na ƙaruwa rabonsa na ƙaruwa. Shi kuwa mai ƙiyasi sai ya auna filin, ya duba takardun mallaka, ya kwatanta da gidajen da aka sayar a unguwar, ya lissafa kuɗin haya da tsufan ginin. In ya yi ƙarya, ana iya soke masa rajista.

Saboda haka ƴan'uwa ƴan kasuwa na Illela, Maigatari da Kamba, in za ku jinginar da gida, ko raba gado, ko karɓar diyyar fili, ku nemi ganin lambar rajistar mutum kafin ku biya shi. Mai ɗa kuma da ke da kai a lissafi, ya duba masa wannan hanya, kada a ce sai tsaron shago.