Wayar Da Ake Zaton Ta Mutu

Duk wanda ya san Tambuwal da garuruwanta, daga Dogon Daji zuwa Jabo da Sanyinna, ko ya gangara ƙasar Kebbe har Kuchi, ya san wutar lantarki a wannan yanki baƙuwa ce wadda ba ta sallama in za ta shigo, ba ta kuma ban kwana in za ta fita. Ko da yake masu kula da ita sun sake suna, daga NEPA da aka kafa a 1972, zuwa PHCN a 2005, har rabonta a jihohin Sakkwato da Kabi da Zamfara ya koma hannun kamfanin da ke Kaduna, jama'a ba su daina kiranta nepa ba, ba su kuma daina wata al'ada mai haɗarin gaske ba, watau taɓa waya da hujjar cewa an ɗauke wuta.

Na ga wannan da idona wata damina a gidan wani ɗan'uwana. Na shiga zaure na iske ɗansa, saurayi mai hazaƙa, ya kife turmi ya hau, ƙafarsa ba takalmi, yana feɗe bakin waya da haƙori domin ya gyara mazaunin ƙwan fitila. Na ce masa, "Kai yaro, ka kashe wutar kuwa?" Ya ce, "Haba Kawu, ai yau kwana ukku babu ita." Na dai matsa masa ya sauko, muka je muka zare fiyus, ba mu kai ga mayar da turmin ba sai muka ji yaran unguwa sun ɗauki sowa, an kawo wuta. Ya dubi wayar nan da ɗazu take bakinsa, ya dube ni, bai ce uffan ba.

Malamai sun rarrabe tsakanin yaƙini da zato, sun kuma lissafa kiyaye rai cikin larurorin nan biyar da shari'a ta zo domin tsare su. To, cewa an ɗauke wuta zato ne tsantsa, alhali kuwa rai ba abin da za a ɗora bisa zato ba ne. Wutar tana iya komowa a kowace daƙiƙa. Ko ba ta komo ba, maƙwabcin da ya tayar da janareta ba tare da ya sa makunnin canji ba yana iya turo tasa ta bi layi har cikin ɗakinka, kuma gidan da ya kafa sola da inbata, batirinsa na nan cike ko da gari duka ya yi duhu. Yaƙini shi ne mutum ya kashe babban makunni da hannunsa, ya zare fiyus ya jefa aljihu don kada wani ya mayar bisa rashin sani, ya raba janareta da inbata da layin gida, sa'an nan ya dangwala tesita wadda ya tabbata tana aiki. Abin da ya wuce canza ƙwai ko filogi kuwa, a ganina, haƙƙin ma'abota sana'a ne, waɗanda hukumar NEMSA, mai doka tun 2015, take jarrabawa ta ba su shaida.

Wutar gida ƙarfinta wajen bolt 230 ne, kuma abin da ke isa ya rikita bugun zuciya bai kai wanda ƙaramar fanka ke sha ba. Busasshiyar fata tana ɗan tare ta, jiƙaƙƙiya kuwa ƙofa ce a buɗe. Shi ya sa wanda ya idar da alwala ya miƙa hannu ga soket yana tsaye kan siminti mai laima, da matar da ta tsoma yatsa a bokiti lokacin hunturu don ta ji ko hita ta ɗumama ruwa, suka fi kowa kusa da halaka. Wutar tana kuma ƙanƙame tsokar hannu, har wanda ta kama ya kasa saki ko yana so.

Fiyus kuwa an yi shi ne don ya ƙone a madadin gida. Mai ɗaure shi da zaren waya mai kauri ya mayar da gobarar cikin rufinsa. In an ji ƙaurin roba, ko soket ya yi baƙi, a kashe daga tushe. In gobara ta kama, yashi ne maganinta, ba ruwa ba.

Idan kuwa ƙaddara ta faɗa, wuta ta kama mutum, to tausayi ne zai fara ingiza uwa ta rungumi ɗanta, nan ne kuma musiba ɗaya take zama biyu. A ruga a kashe makunni. In ya yi nisa, a tsaya kan busasshen katako a ture mutumin da busasshiyar taɓarya. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, kada kuma a ɗura masa madara ko ruwa yana sume, domin cikin huhunsa za su faɗa. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi babban asibiti na Tambuwal ko wanda ya fi kusa, gama ƙunar lantarki ta ciki ta fi ta waje. Wayar falwaya da iskar damina ta kayar kuwa, taɓarya ba ta da hurumi a kanta: a ja baya kamar taku ashirin, a tsare yara da dabbobi, a aika wa ma'aikatan wuta, a zauna gadi har su iso.