Ambiriyajin mota: na waya ko na mai?

A garuruwan Damagaram mota ba abin ado ba ce. Ita ke kai gero da wake kasuwar Mirya ran Lahadi. Ita ke kai mai haihuwa asibiti cikin dare. Sau da yawa ƴan gari ɗaya, ko ƴan uwa, su ke haɗa kuɗi su saye ta. Ran nan sai direba ya ce ambiriyaji ya yi tauri, makaniki kuma ya ce a cire na waya a sa na mai. Kafin masu mota su kwance bakin jaka, ya kamata su san abin da za su biya.

Mene ne ambiriyaji?

Ambiriyaji shi ne mutanen Kano ke kira kuloci. Faifai ne da ke tsakanin inji da akwatin giya. In direba bai taka komai ba, ƙarfe mai matsi yana danne faifan jikin inji, ƙarfin inji ya wuce zuwa ƙafafun mota. In ya taka fedal na hagu, wata ƴar gwafa ta ƙarfe ta saki matsin, inji ya rabu da giya. Sannan ne a ke canza giya ba tare da ƙara ba.

Abin tambaya shi ne: ta yaya ƙarfin ƙafar direba ke isa wurin gwafar nan? Hanya biyu aka fi sani.

Na waya

Ta farko waya ce ta ƙarfe, murɗaɗɗiya kamar igiya, a cikin kube. Duk mai keke ya san irinta wajen birki. Babura masu kabu-kabu ma da ita su ke aiki. Volkswagen mai siffar kunkuru, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, waya gare ta. Haka Renault 4 da Golf 2.

Amfanin waya shi ne sauƙi. Ba ta da tsada. Ido yana ganin ciwonta. Mai ƴan makullai kaɗan yana iya canza ta a gefen hanya. Aibinta kuwa, ƙura da tsatsa suna shiga kuben, fedal ya yi nauyi. Silin wayar suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, har wata rana ta katse gaba ɗaya. A motoci da dama sai an riƙa ɗaure ta ko sassauta ta yayin da faifai ke cinyewa.

Na mai

Ta biyu da man birki ta ke aiki. Akwai babban famfo bayan fedal, da ƙaramin famfo kusa da gwafa, da siririn tiyo tsakaninsu. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In an tura shi nan, sai ya tura can. Wani masani ɗan Faransa, Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ya bayyana wannan ƙa'ida. Land Rover tana da irin wannan tun 1958. Peugeot 504 ma haka, da Toyota Hilux da Land Cruiser.

Fedal ɗinsa ya fi taushi, kuma galibi ba ya son gyaran tsawo, don yana daidaita kansa. Amma yana da nasa ciwo. Cikin famfunan akwai zobban roba. In sun tsufa sai mai ya riƙa yoyo. In mai ya ƙare, iska ta shiga, fedal ya faɗi ƙasa ba aiki. Man kuma yana shan danshi, shi ya sa masu ƙera mota da yawa ke cewa a canza shi duk shekara 2. Ana duba rubutun kwalba: DOT 3 ko DOT 4. Wanda ya zuba man inji ko man gyaɗa a wurin, robar za ta kumbura, famfo ya lalace.

Sauyawa ba ƙaramin aiki ba ne

Motar da aka ƙera da waya ba ta da mazaunin famfo. Dole a huda ƙarfen da ke tsakanin direba da inji, a ƙarfafa wurin don kada ya tsage. Dole a sake fedal ko a yi masa walda. Dole a ƙera mazaunin ƙaramin famfo, a bi da tiyo nesa da zafin bututun hayaƙi. Bayan haka, famfunan biyu sai sun dace da juna. In turin ya gaza, giya za ta riƙa ƙara tana cin haƙora. In ya wuce kima, ƙarfen matsi ya lalace. Gyaran ko wanne cikinsu sai an sauke akwatin giya.

Wani abu kuma: sauyawa ba ta warkar da faifan da ya cinye. In inji yana kuka amma mota ba ta ja a kan tudu ko cikin rairayi, faifai ne. In fedal ya yi tauri, a fara duba waya, da yadda aka lanƙwasa ta, da gwafa. Sau da yawa sabuwar waya kaɗai ta isa.

Tambayoyi huɗu kafin a yanke shawara

1. An gwada sabuwar waya mai kyau, ciwon bai tafi ba?

2. Masu ƙera motar sun taɓa fitar da irinta mai famfo? In haka ne, kayan za su zauna ba dabara. In ba haka ba, aikin gwaji ne.

3. Ina motar ke zuwa? Mai yawo cikin birni, tsakanin tasha da kasuwar Dole, yana taka fedal dukan yini, makaniki kuma yana kusa. Mai bin hanyar Tanut zuwa Agadas, ko dajin Gure, yana nesa da mai gyara. A can, abin da direba zai gyara da hannunsa shi ne mai daraja.

4. Ina a ke samun kayan? In robar famfon sai an aika Kano ta Magarya ko Matamai, mota za ta kwana nawa a tsaye? A lissafa jikka nawa za a rasa kowace rana, a haɗa da kuɗin kaya da ladan makaniki. A tambayi gareji biyu ko uku kafin a ba da kuɗi.

Shawara

Ga yawancin motocin ƙauye, barin waya ya fi. Sauyawa tana da hujja in wayar irin motar ta daina samuwa, ko an sa mata inji da giya na wata mota mai famfo, ko direba yana da ciwon gwiwa. Mai waya ya ajiye sabuwa guda ƙarƙashin kujera. Mai famfo ya ajiye kwalbar man birki a rufe da robar canji, ya leƙa ƴar tukunyar mai kowace safiya kafin a yi lodi.