Dillancin intanet: Daga Zuru zuwa kasuwar ƙetare, ina ribar take?

Duk mai riƙe da waya a cikinku ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan a TikTok ko Facebook. Matashi ya jingina da mota mai sheƙi, kwamfuta a hannu, yana cewa daga ɗakinsa yake sayar wa mutanen Amurka da Ingila kaya. Ba shi da shago, ba shi da sito, kayan ma ko ganinsu bai taɓa yi ba. A ƙarshe sai ya ce ka turo naira kaza ya koya maka sirrin. Sana'ar da yake magana a kai ba ƙarya ba ce, akwai masu ci da ita. Turawa na kiranta diropshipin, mu kuwa za mu kira ta dillancin intanet. Abin da bidiyon ke ɓoyewa shi ne lissafi.

Yadda abin yake da sauƙin fahimta. Kai ne mai talla, wani ne mai kaya. Ka ɗora hoto da farashi, mai saye ya biya ka, ka cire ribarka ka tura wa mai kaya kuɗinsa, shi kuma ya aika wa mai sayen kai tsaye. A nan Zuru ma ana yi, ko da masu yin ba su san sunansa ba. Yayar da ke ɗora hotunan atamfa da mayafai a WhatsApp, alhali kayan na can jibge a wani shago a Kantin Kwari ta Kano, idan an biya sai mai shagon ya kai tasha a ba direba, ita ma wannan sana'ar take yi.

Ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Dillalin kara ba shi da sa ko ɗaya, amma ba a cika ɗaure ciniki ba tare da shi ba, kuma la'adarsa halaliyarsa ce. A nan akwai wata gaɓa da ya kamata a lura da ita. Malaman Musulunci sun daɗe suna jan kunne a kan mutum ya sayar da abin da bai mallaka ba, shi ya sa da yawansu ke cewa a fito fili: a yi yarjejeniya da mai kaya cewa kai wakilinsa ne, mai saye ma ya san haka. Ko ban da batun addini, wannan ya fi tsafta, domin ranar da aka samu matsala kowa ya san inda alhaki yake.

Cinikin ƙetare ma kakanninmu sun riga mu. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja sayen goro, suna sauka a Salaga, daga baya Kumasi, a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da goron can ya kafu kafin ya shahara a cinikin gyaɗa. To amma falke ba ya isa baƙon gari ya baje kaya haka kawai. Yana sauka ne a gidan fatoma, maigidan da zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masu saye, sannan ya tsaya masa idan an ɗauki kaya bashi. Idan mai saye ya gudu, maigidan ake riƙewa. Wato cinikin nesa bai taɓa tafiya ba sai da wani da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. A dillancin intanet, kai ne wannan mutumin. Idan kaya suka ɓace, ko suka iso a karye, ko launin ya saɓa da hoto, mai saye bai san wani mai shago a Kano ko wata masana'anta a Sin ba. Kai ya sani.

Tsakanin Kano da Zuru, wannan nauyi mai ɗaukuwa ne. Ka san lambar direba, ka san tashar, idan ta ɓaci akwai wanda za a kai wa ƙara. Da zarar kaya sun tsallaka iyaka, komai sai ya sauya.

Mu fara da irin wanda masu bidiyo suka fi tallatawa: ka samo kaya masu araha a AliExpress ko makamancinsa, ka buɗe shago a Shopify, ka sayar wa Ba'amurke. A ganina wannan ita ce hanya mafi rauni ga ɗan Zuru. Kuɗin shagon da dala ake biya, kai kuwa naira ce a aljihunka. Kayan da kake tallatawa, Temu da Shein na sayar wa wannan Ba'amurken kai tsaye a farashin da ba za ka iya kamowa ba. Sannan ƙofar da ta sa sana'ar ta yi armashi an rufe ta. A da, duk ƙunshin da bai wuce dala 800 ba yana shiga Amurka ba tare da harajin kwastan ba. An soke wannan rangwame ga kayan Sin a watan Mayun 2025, sannan ga sauran ƙasashen duniya daga ranar 29 ga Agusta na shekarar. Tarayyar Turai ma tun 1 ga Yulin 2021 ta daina yafe harajin saye ga ƙananan kayan da ba su kai yuro 22 ba. Bidiyon da aka ɗauka kafin waɗannan ranaku na nan yana yawo, kuma ana ci gaba da karɓar kuɗin yara a kansa.

Hanyar da ta fi ma'ana ita ce a juya akalar. Maimakon ka sayar da abin da ba ka sani ba ga mutumin da ba ka sani ba, ka duba abin da ake yi a Arewa wanda 'yan uwanmu na waje ke nema: hula mai aikin hannu, takalmi da jakar fata, turaren wuta, ɗinkin Sallah, man kaɗanya. Akwai Hausawa a zangunan Akara da Kumasi, a Kamaru, a Sudan, a Makka da Jidda, ga ɗalibai da ma'aikata a Ingila da Amurka. Zuru kuma na da wata dama ta daban. Gari ne da ya yi suna wajen ba da sojoji, don haka da wuya a samu gidan da ba shi da ɗan uwa a wani gari mai nisa. Mai sayenka na farko mai yiwuwa ta hannun irin wannan ɗan uwa zai zo, ba ta tallan da ka biya da dala ba.

Akwai kuma ribar canji. A farkon Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ke saro kaya da dala yana sayarwa da naira ya ji jiki, har wasu uwar kuɗin ta narke. Wanda ke saye da naira yana karɓar kuɗin waje kuwa, shi iskar ta kaɗa wa. Sai dai naira na iya farfaɗowa, kayan gida ma na tashi, don haka ba a gina sana'a a kan canji kaɗai.

Yanzu ku ɗauko biro mu yi lissafi. Alƙaluman nan misali ne kawai don a gane, ba farashin kasuwa ba. A ce ka samu hula a wajen maɗinki a kan naira 15,000, wani a Landan ya yarda zai biya fam 25. A ce fam ɗaya naira 2,000 ne, ke nan ka karɓi 50,000. Daɗi ya kama ka, kana ganin ribar 35,000. To, kamfanin aika saƙo ya karɓi 22,000. Kuɗin cajin karɓar kuɗi da canji ya ci 2,000. Data da talla da leda da kuɗin mota zuwa inda za a aika sun ci 6,000. Abin da ya rage maka 5,000 ne. Ka sayar da tara lafiya, ka tara 45,000. Ta goma ta ɓace a hanya, ko ta yi wa mai ita kaɗan, dole ka mayar masa da kuɗinsa. Abin da ka kashe a kanta, 15,000 da 22,000 da 2,000 da 6,000, ya kama 45,000 cif. Ka yi ciniki goma, ka tashi ba ko sisi.

Kada wani ya ce ai sai in ƙi mayarwa. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya fasa, ko da kayan ba su da aibi. Wanda ya biya da kati kuma yana iya kai ƙara bankinsa a janye kuɗin daga asusunka.

Amma a sake lissafin ta wata fuska. A ce mutum biyar a gari ɗaya suka haɗa oda gabanin Sallah, aka aika huluna biyar a ƙunshi guda a kan 40,000. Kuɗin aikawa ya koma 8,000 a kan kowace hula, riba ta tashi daga 5,000 zuwa 19,000. Dabarar da fatake suka yi ta tafiya a ayari ke nan. Kaya mara nauyi mai tsada, da oda a haɗe, su ne ke iya ɗaukar kuɗin hanya. Buhun dawa ba zai iya ba.

Ba kowane kaya ne ke tsallaka iyaka ba. Kilishi, duk daɗinsa, nama ne, kuma Ingila da Amurka da Tarayyar Turai ba sa barin a shigo da nama haka kawai a jaka ko a ƙunshi, ƙwacewa ake yi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, irin wanda wasu ke zubawa a buhu don kada ya yi ƙwari. A Agustan 2025 kuma gwamnatin tarayya da kanta ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗanya na wata shida, don a riƙa sarrafa shi a gida. Wannan ya shafi yankinmu kai tsaye, tunda kaɗanya na cikin arzikin dajin kudancin Kebbi da Jihar Neja. Mai son sayar da abin ci ko na shafawa sai ya bi ta NAFDAC, mai son fitar da kaya da yawa kuma sai ya yi rajista da hukumar CAC, ya karɓi shaidar mai fitar da kaya daga hukumar NEPC.

Wani abin mamaki, idan aka ce ƙasar waje sai hankalinmu ya tafi Landan, alhali Jihar Kebbi na da iyaka da ƙasashe biyu. Daga Kamba ana shiga Gaya ta Nijar, daga Gaya kuma gada ce kawai a kan Kogin Kwara ta raba ta da Malanbil ta Benin. Ana jin Hausa a waɗannan kasuwanni, ana sanya irin tufafinmu, ga kuɗin sefa da ke ɗaure da yuro, ba ya hawa da sauka kamar naira. Kaya na tafiya a mota, ba sai an biya kuɗin jirgi ba. Haɗarin nan na siyasa ne. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an sake rufe iyakar har zuwa Maris na 2024, sannan a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS. Dillalin da ya karɓi kuɗin mutane ana gobe za a rufe iyaka, shi zai yi ta ba da haƙuri.

Karɓar kuɗi daga waje ma aiki ne. PayPal ya shigo Nijeriya a 2014, amma aka yi shekaru da yawa ana iya biya da shi ba a iya karɓa. Irin wannan matsi ne ke jefa matasa hannun masu cewa “kawo in karɓar maka”, ko masu cewa “ara mini asusunka kuɗi za su shigo, in ba ka kaso”. Na biyun nan ku guje shi kamar wuta. Idan kuɗin na damfara ne, sunan da ke kan asusun shi EFCC za ta nema. Kada kuma a saki kaya don an ga hoton rasit ko saƙon waya, sai an duba asusu an ga kuɗin sun zauna.

Yawancinku ba ku kai shekara 18 ba, kuma Shopify da ire-irensa ba sa buɗe wa wanda bai kai ba. Yin ƙarya a shekaru na iya sa a rufe shagon da kuɗinka a ciki. Wannan ba ya nufin a naɗe hannu. Ana iya koyon aikin a ƙarƙashin iyaye ko yaya mai sana'a, a lokacin hutu, ba a daren jarrabawa ba: ɗaukar hoto mai kyau da hasken rana, rubuta bayanin kaya ba tare da ƙari ba, auna girman hula da santimita, rubuta shiga da fita a littafi. Darasin Faransanci da wasu ke gudu, inda ake koyar da shi, shi ne harshen takardun Nijar da Benin.

Ga aikin da za ku gwada a hutun nan, ba ya buƙatar jari. Ku zaɓi kaya guda da ake yi a unguwarku ko ake sayarwa a kasuwar Zuru. Ku tambayi farashinsa, ku sa a ɗora shi a sikeli. Ku tambayi direba a tasha nawa zai kai shi Kano ko Kamba, ku tambayi gidan waya ko kamfanin aika saƙo mafi kusa nawa ne zuwa Akara, nawa ne zuwa Landan, kuma kwana nawa zai yi. Sai ku jera alƙaluman kamar yadda muka yi na hula, har da cinikin goman da ya lalace, ku kai wa malamin lissafi ko na kasuwanci ya duba muku.