Lambar sirri: kada mu miƙa wa ɓarawo mabuɗin ɗakinmu

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka lamarin yake ga wayoyin salular da ke hannunmu, waɗanda a yau suka zama asusun ajiya da shagon ciniki, daga Yamai har Maraɗi da Damagaram.

Da abubuwa uku na'ura ke gane mai asusu: abin da ya sani, kamar lambar sirri, abin da yake riƙe da shi, kamar layin wayarsa, da abin da ke jikinsa, kamar zanen yatsa. Duk wanda ya haɗa biyu daga ciki, to ya wahalar da ɓarawo.

Ɓarayin zamani ba su cika fasa ƙofa ba, roƙon mabuɗi suke yi. Sai su kira mutum su ce za su saka shi cikin wani zauren WhatsApp, ya karanto masu lambobi 6 da suka shigo wayarsa. Da zarar ya faɗa, asusun ya koma hannunsu, su shiga neman kuɗi wajen dangi da abokan ciniki da sunansa. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba, domin a watan Yulin 2020 ta hanyar yaudarar ma'aikatan Twitter a waya aka kutsa asusun Barack Obama.

Wata ɓarakar kuma daga wajenmu take. Da yawanmu 123456 ko shekarar haihuwa muke sakawa, su ne kuwa ɓarawo ke fara gwadawa. Wasu kuma kalma guda suke amfani da ita ko'ina. Satar da aka yi wa Yahoo a 2013 ta shafi asusu biliyan 3, kuma bayanan da aka sace a wuri guda da su ake gwada sauran ƙofofi.

Saboda haka mu ba kowane asusu tasa kalmar mai tsawo, mu kunna matakin tantancewa na biyu a WhatsApp, kada kuma mu faɗa wa kowa lambar da aka turo mana, ko da ya ce daga kamfanin waya yake. A ofisoshi da ƙungiyoyi, kowane ma'aikaci ya sami tasa hanyar shiga daidai aikinsa, a rufe ta ranar da ya bar aiki.

Tun 2019 Nijar ke da dokar hukunta laifukan intanet, amma kuɗin da suka fita da wuya su dawo. Jama'a, a yi hattara.