Gyaran Ƙafafun Motocin Karkara: Ina Ribar, Ina Asarar?

A duk shekara, da zarar damina ta kankama, garejoji da kasuwannin kayan mota na ƙasar nan, tun daga Ladipo a Legas da Nkwo ta Nnewi a Jihar Anambra, har zuwa Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, sukan cika da akori-kura da jif-jif waɗanda masu su ke son a sake musu fasali. Wani yana son a ƙara wa sifirin falle ɗaya ko biyu, wani yana son a ɗaga motar sama, wani kuwa manyan tayoyi da bamban ƙarfe yake nema. Kuɗin da ake kashewa a wannan harka ba kaɗan ba ne, amma ba kasafai mai mota kan zauna ya lissafa ko jarin da ya zuba zai dawo ba. Abin da ya kamata a sani tun farko shi ne, kowane irin gyara sau biyu ake biyan kuɗinsa: na farko a gaban makanike, na biyu kuwa a gidan mai da wurin mai faci, har tsawon ran motar.

Dalilin gyaran

Ba don ado yawancin masu motocin haya da 'yan kasuwar amfanin gona suke wannan ɗawainiya ba, halin da hanyoyi ke ciki ne ya tilasta musu. An ƙiyasta tsawon hanyoyin Nijeriya a kan kimanin kilomita 195,000, waɗanda aka shimfiɗa wa kwalta daga ciki kuwa ba su wuce kashi ɗaya bisa uku ba. Saura duk burji ne, da taɓo, da rairayi. Mai ɗauko doya daga ƙauyukan Binuwai fama yake da laka, mai hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu fama yake da hawa da gangara, mai shiga Yusufari ko Machina a Jihar Yobe kuwa yashi ne ke jiransa. A ma'aunin tattalin arziki, kuɗin da hukuma ba ta kashe wa hanya ba, mai mota ne ke kashe shi a kan sifirin da taya, shi kuma ya ɗora wa manomi da mai saye a kuɗin dako.

Idan dai ba a manta ba, a da kamfani ne ke ɗaukar wa direba wannan nauyi. Kamfanin Peugeot da ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975 ya yi suna ne da 504, wadda ƙafafunta suka jure gargada har ta zama motar tasha ta shekaru masu yawa. A yau Toyota Hilux da Land Cruiser ne suka mamaye hanyoyin karkara, da yawansu kuma na hannu ne da aka shigo da su bayan sun sha aiki a wata ƙasar, sifirin ɗinsu ya riga ya saki. Saboda haka sau da yawa abin da ake kira ƙari, maye gurbin abin da ya gaji ne kawai.

Sifirin da shakazoba

Aikin sifirin shi ne ɗaukar nauyin mota da lanƙwasawa idan ta faɗa rami. Shakazoba kuwa ba ya ɗaukar nauyi ko kaɗan. Aikinsa shi ne kwantar da tsallen da sifirin ke yi, ta hanyar matsa mai ta cikin ƙananan ƙofofi. A kan burji mai gargada wannan mai yakan yi zafi ƙwarai, ƙarfin shakazoba ya ragu, taya ta riƙa barin ƙasa, sitiyari da birki su daina jin magana. Shi ya sa ga mai bin irin wannan hanya kullum, shakazoba mai kyau ya fi kowane gyara biyan kuɗinsa, domin yana tsawaita ran taya da na sifirin gaba ɗaya.

Ƙara falle a sifirin ɗin baya shi ne gyaran da ya fi yawa, don shi ya fi araha. Amfaninsa a fili yake: mota ba ta durƙushewa idan an yi mata lodi. To amma a nan ne kuskure mafi tsada yake. Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfani ya yanke mata, wanda ake bugawa a ɗan farantin da ke jikinta. Ga Hilux, abin da za ta ɗauka kimanin tan ɗaya ne, a haɗa da direba da fasinjoji. Wannan iyaka ba sifirin kaɗai ta shafa ba. An lissafa ta ne da ƙarfin aksil, da boris, da birki, da tayoyi, da kuma ƙashin motar kansa. Ƙarin falle ba ya ƙara wa ko ɗaya daga cikinsu ƙarfi. Abin da yake yi shi ne ɓoye alamar da ido ke gani cewa kaya sun yi yawa. Motar tana tsaye ƙyam da buhu goma sha biyar, alhali birkinta na buhu goma ne. Idan kuma ta dawo fanko, taurin sifirin yakan sa baya ya riƙa tsalle, girgizar ta koma kan bodi da ƙashin mota, har a wayi gari ana neman mai walda.

Ɗaga mota ma yana da tasa iyakar. A motar da ke da miƙaƙƙen aksil, irin Land Cruiser samfurin 70 da aka fara ƙerawa a 1984, ɗaga sifirin bodi yake ɗagawa, amma kumburin da ke tsakiyar aksil, wanda shi ne ke fara gugar ƙasa a cikin kwari, yana nan inda yake. A Hilux na zamani kuwa, inda kowace ƙafar gaba ke motsi ita kaɗai, ɗagawa fiye da kima yana karkatar da sandunan da ke juya ƙafafun, robobinsu su yage, mahaɗansu su ci da wuri. Bugu da ƙari, duk motar da aka ɗaga ta fi saurin kifewa a kwana. Masu sana'ar a ƙasashe da dama sun ɗauki ɗagawar inci biyu, wato kimanin milimita 50, a matsayin matsakaici.

Lissafin taya

Taya ce kaɗai ke ɗaga aksil daga ƙasa, amma ba kamar yadda ake zato ba. A ɗauki misalin taya mai lamba 265/65R17, wadda ake samu a kan Hilux da yawa. Tsayinta daga ƙasa zuwa sama kimanin milimita 776 ne. Idan aka musanya ta da 285/70R17, tsayin ya koma kimanin milimita 831. Bambancin milimita 55 ne, amma rabinsa kawai, wato milimita 27, shi ne ƙarin tazarar da aksil ya samu daga ƙasa. Abin da aka saya ke nan, inci ɗaya da ɗan ɗoriya.

Abin da aka bayar kuwa ga shi. Sabuwar tayar ta fi tsohuwar girma da kashi 7 cikin 100, don haka ƙarfin da injin ke kaiwa ƙasa ya ragu da kimanin wannan adadi, haka ma ƙarfin birki. Mota za ta riƙa neman giya ta ƙasa a hawan da take wucewa cikin sauƙi a da, kuloc ya riƙa shan wahala. Maleji ma zai daina faɗin gaskiya: idan ya nuna kilomita 100 a awa, motar tana gudun 107 ne. Haka kuma zai riƙa rage tsawon tafiyar da aka yi, abin da kan ɓata lissafin mai da na lokacin canza baƙin mai.

Zanen taya ma lissafi ne. Mai manyan haƙora ta dace da laka, amma a kan kwalta tana ƙara, tana cinyewa da sauri, tana kuma shan mai. A cikin rairayi kuwa haƙa take yi har mota ta kafe. Ga wanda rabin tafiyarsa kwalta ce, rabi burji, mai matsakaicin zane ta fi riba. Direbobin da ke ratsa hamadar Tenere daga Agadas zuwa Dirku a Jamhuriyar Nijar sun daɗe da sanin dabarar da ba ta cin ko kwabo: rage iskar taya kafin shiga yashi, domin ta shimfiɗu ta hau kansa maimakon ta nutse. Sharaɗin dai shi ne a mayar da iskar da zarar an hau tudu, domin taya mai ƙarancin iska a kan kwalta zafi take yi har ta fashe. Ɗan famfon iska da ma'auninsa sun fi manyan tayoyi huɗu araha nesa ba kusa ba.

Akwai lambobi biyu a gefen taya da ya wajaba mai saye ya duba. Ta farko ita ce lambar nauyi: 112 tana nufin kilo 1,120 ga taya ɗaya, 121 kuwa kilo 1,450. Ta biyu ita ce ranar haihuwar tayar, wato alƙaluma huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT. 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara bayan ta cika biyar, a kuma jefar da ita idan ta kai goma, ko da zanenta bai cinye ba.

Kayan ƙari

Bamban ƙarfe, da na'urar jan mota mai igiya, da ragar ɗaukar kaya a saman rufi, da safaya ta biyu, da jarkoki biyu na mai, idan aka haɗa nauyinsu cikin sauƙi za su kai kilo 200. Wannan nauyi daga cikin tan ɗayan nan ake cire shi. Ga ɗan kasuwa, buhun masara biyu ke nan da zai bari a ƙasa a kowane sawu, ko kuma ya ɗauka ya ƙetare iyaka. Kayan da aka ɗora a saman rufi kuwa suna ƙara haɗarin kifewa, suna kuma tare iska. Bututun shaƙar iska da ake miƙawa zuwa saman mota yana da amfani ga mai bin ƙura ko ƙetare rafi, amma ba ya kare wayoyin lantarki da aksil daga ruwa, don haka bai mayar da mota kwalekwale ba.

Sabon farashi, sabon lissafi

Abubuwa biyu da suka faru a 2023 sun sauya wannan lissafi ƙwarai. A ranar 29 ga Mayu aka sanar da janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Yuni kuma aka saki darajar naira, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Da yake kusan dukkan waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, farashinsu ya bi dala. A ɗauka, don misali, motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 ta koma shan 11 bayan gyara. Idan tana tafiyar kilomita 40,000 a shekara, ƙarin lita 400 ke nan. A kan naira 1,000 kowace lita, naira 400,000 a shekara, kafin a zo maganar birki da boris. Kowa ya sayi rariya, in ji Hausawa, ya san za ta zubar da ruwa. Tambayar da mai mota zai yi wa kansa ita ce, sawu nawa gyaran zai ba shi damar yi a damina waɗanda da ba zai iya ba, kuma ko ribarsu ta rufe wannan ƙari.

Abin takaici shi ne ƙasar da ke noman roba a jihohin Edo, da Delta, da Kuros Riba, ta rasa manyan masana'antunta na taya. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Legas a 2008, sakamakon tsadar wutar lantarki da gasar tayoyin waje. Tsada kuwa ita ke tura direbobi ga tsofaffin tayoyi, duk da cewa na ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta hana shigowa da su. Araha dai ba ta ado.

A wasu ƙasashe wannan buƙata masana'anta ta haifar. A Ostareliya, inda su ma suke da dogayen hanyoyin daji, kamfanin ARB da Tony Brown ya kafa a 1975 ya fara ne da ƙera kayan ƙarfe na jif, ya bunƙasa har yana sayar da kayansa a faɗin duniya. A can, wanda ke son ƙara wa motarsa iyakar nauyi sai injiniya ya tabbatar da aikin, hukuma ta amince, a rubuta sabuwar iyaka. A nan gida gwanintar tana nan a hannun maƙera da masu walda na Panteka da masana'antun Nnewi. Ma'auni da tantancewa ne babu.

Don haka ya kamata Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, da Hukumar Kiyaye Haɗurra, da jami'an duba lafiyar motoci na jihohi su haɗa kai da ƙungiyoyin makanikai da na direbobi, su fito da ƙa'ida mai sauƙin fahimta a kan iyakar ɗaga mota da girman taya. Shi kuwa mai mota, tsarin da ya fi tsare masa dukiya shi ne ya fara da mayar da sifirin da shakazoba yadda kamfani ya yi su, sannan ya sayi taya daidai da hanyar da yake bi, ya kuma tsaya a kan nauyin da aka rubuta. Duk abin da ya biyo bayan wannan, sai alƙalami ya tabbatar da cewa zai biya kansa kafin a kira makanike.